Wa Zai Biya Bashin Kare?

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa babu dabbar da Bahaushe ya mora kuma ya wulaƙanta a lokaci guda kamar kare. Da shi yake farauta, da shi yake tsaron gona da garke da gida, amma kuma da sunansa yake zagi idan ransa ya ɓaci. Wanda ya zama ɗan koren azzalumi, karen farauta ne. Yaron da ke bin direba yana ɗora kaya, karen mota ne. Wanda kuwa ya sami iko yana yin yadda ya ga dama, cin karensa yake yi babu babbaka. Duk mai nazarin harshe ya san cewa irin waɗannan maganganu ba sa tsayawa a baki, sukan gangara zuwa zuciya, daga nan su bayyana a aikace.

Inda wannan raini ya fi bayyana a yau shi ne ranar da karen gida ya kwanta, likitan dabbobi ya duba shi ya ce sai an yi masa fiɗa, ya kuma faɗi kuɗin da aikin zai ci. A wannan rana ce maigidan da ya yi shekaru yana barci da minshari saboda haushin wannan dabba yakan tuna cewa, ashe, kare ne kawai. Wani ya mayar da shi gida ya ɗaure har rai ya yi halinsa, wani ya zuba masa maganin ɓera a abinci, wani kuma ya sa shi a mota da daddare ya sauke shi a gefen hanyar Lokoja ya juyo. Manufar wannan maƙala ita ce mu nuna cewa waɗannan hanyoyi uku duk gudun bashi ne, kuma bashin muna iya biyansa idan muka shirya masa tun da wuri, da dabarun da muka gada, ba tare da mun tauye haƙƙin iyalinmu ba.

Yadda Kare Ya Shigo Gidajenmu

Kafin mu yi maganar kuɗi, ya kamata mu tambayi kanmu dalilin da ya sa karnuka suka cika gidajen Gwagwalada, tun daga Kutunku da Dagiri har zuwa Giri da Tungan Maje. Ba sha'awa ce ta kawo su ba, tsoro ne. Tun da aka mayar da babban birnin tarayya Abuja a watan Disamba na 1991, garin nan yake ta faɗaɗa, ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa suna gina gidaje a bakin daji, inda maƙwabci ke da nisa, fitilar titi kuma babu. Ba mu manta da daren 2 ga Nuwamba, 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka shiga rukunin gidajen ma'aikatan jami'a da ke Giri suka tafi da malamai da 'ya'yansu. Wanda ya rayu a cikin irin wannan hali ba ya bukatar a yi masa bayanin amfanin dabbar da ke jin motsi tun kafin ɗan'adam ya ji.

Ke nan karen da ke tsakar gidanmu ma'aikaci ne. Maigadi ne da ba ya karɓar albashi, ba ya neman hutun ƙarshen shekara, ba ya haɗa baki da ɓarawo. Da mutum muka ɗauka ya yi wannan aiki, da kowane wata sai mun biya shi, kuma mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun daga watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Mai karatu ya lissafa abin da ya tsira da shi a shekara guda, ya ninka da shekarun da karen ya yi yana gadi, sa'annan ya ɗora wannan jimla kusa da takardar kuɗin fiɗa ya ga wanne ya fi nauyi.

Abin da Muke Kira Ba-Zata

Hujjar farko da maigida kan kawo ita ce abin ya zo masa ba zato ba tsammani. Mu kuwa muna ganin ranar ce kawai ba a sani ba, amma zuwanta sananne ne. Abubuwan da ke kai kare teburin fiɗa ba su da yawa, kuma kowane likitan dabbobi zai iya lissafa su tun ranar da aka kawo masa ɗan kwikwiyo. Akwai karaya, musamman a gari irin namu da babbar hanyar Abuja zuwa Lokoja ta ratsa, ga 'yan acaɓa ko ta ina. Akwai haɗiyar ƙashi ko leda ko tsumma, abin ya toshe hanji. Akwai doguwar naƙuda: karya takan yi kimanin kwana 63 da ciki, idan kuma 'yan kwikwiyon suka kasa fitowa, sai an tsaga an ciro su. Akwai cutar da ke cika mahaifar karya da mugunya, wadda takan bayyana 'yan makonni bayan lokacin barbara, kuma idan ba a cire mahaifar da gaggawa ba takan kashe ta. Akwai kuma murɗewar tumbi, wadda ta fi kama manyan karnuka masu zurfin ƙirji, mai kashewa cikin 'yan sa'o'i.

Daga cikin waɗannan, da dama ana iya toshe musu ƙofa da kuɗi kaɗan. Karen da ke cikin katanga mai ƙofa ba ya gamuwa da mota. Karyar da aka cire wa mahaifa tana da ƙoshin lafiya, a ranar da maigida ya zaɓa kuma ya tanadi kuɗinta, ta tsira daga doguwar naƙuda da ruɓewar mahaifa gaba ɗaya, kuma aikin da aka yi a natse ya fi arha da sauƙin haɗari a kan wanda aka yi da tsakar dare dabba tana tsakanin rai da mutuwa. Rigakafi ya fi magani, kowa ya haddace wannan, sai dai haddar ba ta kai ga aljihu ba. Daɗin daɗawa, jinkiri kansa kuɗi ne. Maigidan da ya ga karensa ya daina cin abinci yana amai, ya yi kwana huɗu yana ɗura masa ragowar maganin yara da shawarar mai kemis, sa'annan ya kai shi asibiti, shi da kansa ya ninka wa kansa kuɗin, domin hanjin da za a buɗe a ciro ƙashi a ɗinke a rana ta farko, a rana ta biyar ya riga ya ruɓe, sai an yanke wani sashe nasa.

Ina Kuɗin Ke Tafiya?

Hujja ta biyu ita ce likitocin dabbobi suna tsawwalawa. Kafin mu yanke musu hukunci, mu duba abin da ke cikin aikin. Kafin wuƙa ta taɓa fata, ana bukatar gwajin jini, sau da yawa da hoton ƙashi ko na ciki. Ana bukatar allurar barci da ta kashe zafi, da ruwan da ake ƙarawa ta jijiya, da zaren ɗinki iri-iri, da safar hannu da auduga, da kayan aikin da aka dafa aka kashe musu ƙwayoyin cuta. Idan karaya ce, ga ƙarfen da za a sa a ƙashi. Bayan an gama kuma ga maganin hana ruɓewar ciwo da kwanakin jinya. Waɗannan kaya kusan iri ɗaya ne da na asibitin mutane, kuma mafi yawansu daga ƙasashen waje ake shigo da su.

A nan gizo ke saƙar. A farkon 2023 dalar Amurka ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati; bayan da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na wannan shekara, a cikin 2024 sai da dala ta haura naira 1,500. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya sa kuɗin kunna janareta ya ninka, alhali ba a yin fiɗa a cikin duhu, firjin ajiye allurai kuma ba ya aiki da addu'a. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024. Likitan da ya faɗi kuɗi mai nauyi ba shi ya ƙirƙiro wannan yanayi ba, shi ma a cikinsa yake iyo.

Sai dai akwai wani tushen matsalar da ya girmi faɗuwar naira. Aikin likitancin dabbobi a ƙasar nan an gina shi ne a kan dabbar da ke kawo kuɗi. Sashen da Turawan mulki suka buɗe a Zariya a 1913, wanda aka mayar Vom a 1924, babban abin da ya sa a gaba shi ne cutar bushiya da ke ƙarar da shanu, cutar da sai a 2011 aka bayyana kawar da ita daga duniya. Haka ma'aikatar bunƙasa kiwo da gwamnatin tarayya ta kafa a 2024, hankalinta yana kan nama da madara da fata. Wannan ba laifi ba ne. Amma sakamakonsa shi ne, saniya tana da mai tsaya mata, domin idan ta mutu asarar a bayyane take. Kare kuwa, da yake amfaninsa shi ne asarar da ba ta auku ba, babu wanda ke rubuta shi a littafin lissafi.

Masu Fakewa da Addini

Hujja ta uku ita ce ta masu cewa kare najasa ne, kashe masa kuɗi kuma almubazzaranci ne. Abin mamaki shi ne, ba a tuna wannan fatawa ranar da ake sayen kwikwiyo, sai ranar biyan kuɗin jinya. Mu koma ga littattafan da muka tashi da su a makarantun zaure. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mafi yawanmu, duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare. Wanke ƙwaryar da ya yi lallage a ciki sau bakwai kuwa malaman mazhabar sun ɗauke shi a matsayin bin umurni. Gaskiya ne Risala ta taƙaita ajiye kare ga farauta da kiwo da gona. Amma masu sharhinta sun ruwaito cewa mai littafin kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya, da aka yi masa magana sai ya amsa da cewa da Imam Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Mazaunin Giri zai fahimci wannan amsa ba tare da tafsiri ba.

To, idan ajiyewa ta halatta saboda larura, mene ne hukuncin abin da aka ajiye? Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Mai karatu ya lura da laifin wannan mata: tsarewa ce ta ɗora mata nauyin. Haka kuma a babin ciyarwa, malaman fiƙihu sun wajabta wa mai dabba ya ciyar da ita, idan ya ƙi a tilasta masa ya rabu da ita. Wanda ya ɗaure kare da sarƙa shekara biyar, ya hana shi koyon neman abinci, sa'annan ya watsar da shi da karyayyar ƙafa, ya yi wa kansa hisabi, ya ga da wanne daga cikin mutanen nan biyu ya fi kama. Tun a ƙarni na goma wani marubuci a Bagadaza, Ibn al-Marzuban, ya wallafa littafi sukutum a kan fifikon karnuka bisa da yawa daga masu sa tufafi, kuma abin da ya auna da shi shi ne riƙon amana.

Masu Fakewa da Talauci

Hujja ta huɗu ita ce mafi ƙarfi, kuma ba za mu raina ta ba. Ana cewa: a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinyar mutane daga aljihunsu yake fita, a garin da kullum ake ganin iyalai a harabar asibitin koyarwa suna neman taimakon kuɗin aikin ɗan'uwansu, wane mai hankali ne zai zuba albashinsa a cikin kare? Amsarmu ita ce, babu wanda ya ce a fifita dabba a kan mutum. Idan zaɓi ya tsaya tsakanin kuɗin makarantar yaro ko maganin mahaifiya da fiɗar kare, mutum ne gaba, babu jayayya.

Amma sau nawa zaɓin yake tsayawa a haka? Mu faɗi gaskiya, da yawa daga masu wannan magana su ne suka ƙi karen gida, mai jure zafi da kaska, wanda ake samu kyauta ko a arha, suka tafi cikin birni suka sayo karen Jamus ko Rotwaila ko Burbul na Afirka ta Kudu da kuɗi mai tsoka, domin maƙwabta su gani. Waɗannan manyan karnuka sun fi cin abinci, sun fi cin magani tunda da nauyin jiki ake auna shi, wasunsu kuma suna gadon ciwon ƙugu, ga shi zafin Gwagwalada a watan Maris ba ya raga wa mai gashi. Wanda ya iya sayen doki ya kasa sayen dusa, ba talauci ke damunsa ba, rashin lissafi ne.

Bugu da ƙari, karen da aka watsar ba ya ɓacewa, komawa yake yi bola da kwata da bayan makarantun firamare, ba rigakafi, ba mai lura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin 100 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tsira. Ke nan wanda ya sauke karensa a bakin hanya da sunan yana tausayin mutane, ya kwashe nauyinsa ne ya ɗora a kan ɗan wani talaka da bai san hawa ba bai san sauka ba. Dokar finalkod da ake aiki da ita a Abuja ma ta sa zaluntar dabbar gida cikin laifuffuka, ko da yake doka ba ta kama abin da al'umma ba ta ɗauka abin kunya ba.

Mafita

Ba sai mun jira kamfanin inshora irin na Turai ba. Muna da adashi da asusu, waɗanda da su iyayenmu mata suka aurar da 'ya'ya suka sayi filaye. Alal misali, idan gidaje 30 masu karnuka a unguwa ɗaya, ko a rukunin gidajen ma'aikata, suka amince kowa ya zuba naira 2,000 a wata, a shekara an tara naira 720,000. A damƙa kuɗin ga amintattu biyu, a yi yarjejeniya da likita ɗaya mai rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa, a kuma sa sharaɗi cewa ba mai cin gajiyar asusun sai wanda ya nuna katin rigakafin karensa na shekara. Da wannan sharaɗi kaɗai an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin masana sun tabbatar cewa yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi yana katse yaɗuwar ciwon hauka. Unguwannin da ke tara kuɗin 'yan banga kowane wata ba za su ce wannan tsari baƙo ne ba.

Ga likitoci kuma muna da kira. A rubuta wa maigida ƙiyasin kuɗi dalla-dalla kafin a fara aiki. A gaya masa dukkan hanyoyin da ke akwai, da mai tsada da mai sauƙi: wata karayar ɗauri da hutu sun ishe ta, wata kuma yanke ƙafar ya fi arha a kan sa ƙarfe, kuma kare yana rayuwa lafiya da ƙafa uku. A buɗe ƙofar biya kashi-kashi ga wanda aka san gidansa da wurin aikinsa. Mutumin da aka faɗa wa jimla ɗaya mai ban tsoro ba tare da bayani ba, shi ne wanda ke cewa zai je ya dawo, ba a sake ganinsa.

Muna kuma da abin da garuruwa da yawa ba su da shi, wato tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwarta a nan kusa da mu. Ɗalibi ba ya zama likitan fiɗa da karatun littafi, sai ya tsaya kusa da malaminsa ya ga ana yi. Saboda haka karen talaka da aka kawo asibiti darasi ne, kuma ya dace masu hali da tsofaffin ɗalibai su kafa gidauniyar da za ta riƙa rage wa marasa ƙarfi kuɗin aiki. A 1917 wata mata mai suna Maria Dickin ta buɗe ɗan ƙaramin ɗakin shan magani kyauta domin dabbobin talakawa a wata unguwar matalauta ta birnin Landan, kuma ƙungiyar da ta kafa tana aiki har yau. Ba daga fadar gwamnati abin ya faro ba.

Idan kuwa duk an yi wannan, kuɗi bai samu ba, ko likita ya ce aikin ba zai yi amfani ba, to akwai hanyar mutunci. A nemi wanda zai karɓi dabbar ya yi jinyarta. Idan babu, a bar likita ya hutar da ita da allura, cikin barci, ba tare da azaba ba. Littattafan Malikiyya sun halatta gaggauta hutar da dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da ita. Tsakanin wannan da maganin ɓera, wanda ke sa dabba ta daɗe tana shure-shure a gaban yara, akwai tazarar da ke tsakanin jinƙai da mugunta.

Kammalawa

Babu wanda aka tilasta wa ajiye kare. Wanda ya ga ba zai iya ɗaukar nauyinsa ba, ya ɗaga katanga, ya ƙara sakata, ya biya 'yan banga. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma wanda ya kawo shi gida, ya ci moriyar idonsa da kunnensa da haƙoransa, to ya san ya karɓi amana, kuma ya fara ajiye kuɗin ranar jinya tun daga watan farko, kamar yadda yake ajiye na gyaran mota. Mu malamai da ɗalibai, da muke koyar da cewa adabi tarbiyya ne, 'ya'yanmu da ƙannenmu suna kallon yadda muke sallamar wanda ya yi mana hidima idan ƙarfinsa ya ƙare, kuma abin da suka gani shi za su riƙe, har ranar da namu ƙarfin zai ƙare.